Kod ɗin teknisiyan na alarm ɗin gidanka: ka karɓe shi, kuma ga yadda za ka riƙe shi

Yanzu a Yamai alarm na gida ya fara yawa, ka bi Kwara Kano ko Bobiel ko Yantala za ka ga jiniya maƙale jikin bango kusa ga kyamara, har butik na cikin gari da magaza na wajen Katako an fara sa ma su. Amma ka tambayi mai gidan kod nawa ne na'urar ke da shi, sai ya ce ma guda, wanda yake dannawa in zai fita da in ya dawo. To ba guda ba ne ɗan'uwa, kuma wanda ya fi duka ƙarfi galibi yana cikin kan yaron da ya zo ya haɗa ma wayoyin, ya karɓi kuɗɗinshi ya hau moto ya tafi. Ra'ayina a kan wanga batu bai da kwana-kwana: in kai ka sayi kayan da kuɗɗinka, kod ɗin teknisiyan naka ne, ka karɓe shi. Sai dai karɓa daban, yin wasa da shi daban, kuma nan ne mutane ke ɓata abu.

Bari in fara da su waye kod ɗin. Akwai na mai amfani, shi ne kake ba uwargida da yara da mai aiki, aikinshi kunnawa da kashewa kawai. Akwai babban kod na mai gida, shi ke ƙara mutum ko ya cire mutum, ya gyara agogo, ya tsallake wani ɗaki in ana so a kunna saura. Sannan akwai na teknisiyan, wanda ke buɗe cikin na'urar gaba ɗaya: wace waya ce ƙofar gaba, wace ce tagar bayan gida, sakan nawa za a ba ka ka shigo ka kashe kafin jiniya ta tashi, minti nawa jiniyar za ta yi tana kuka, wace lambar salula za a kira in an taɓa gidan. A yawancin na'urori wanga kod ba ya kashe alarm ɗin da kai ka kunna, gaskiya ne, amma mai shi yana iya cire ƙofa guda daga cikin tsarin ko ya canja lambar da ake kira, kai kuma kullum kana danna naka kana jin ƙarar nan ta kunnawa kana tafiya da kwanciyar rai alhali an zare ma abun haƙora.

Turawa ma sun yi tunanin wannan. Ƙa'idar Turai ta alarm, EN 50131, ta kasa shiga na'ura mataki 4: na kowa da kowa, na mai amfani, na kamfanin da ya haɗa, da na masana'anta, kuma ta ce mataki na 3 bai shiga sai mai amfani ya ba shi izni. Kenan ko a can an yarda mai gida ne ke buɗe ma teknisiyan ƙofa. Abin da ya sa a Ingila kamfani ke riƙe kod ɗin bai ba kowa shi ne akwai yarjejeniya ta duba na'ura a kai a kai, akwai inshora da ke neman shaidar kamfani mai rajista da hukumar duba aiki kamar NSI ko SSAIB, kuma ƴan sanda suna iya daina zuwa gidan da alarm ɗinshi ya cika kukan banza. Can in ka shiga ka taɓa, ka ɓata ma kanka takarda. Mu nan galibin abin da nake gani a gidaje na'ura ce mai jiniya da sim a ciki, in an taɓa ta yi kuka ta kira wayarka, masu zuwa kuma kai ne da mai gadi da maƙwabta, sai in abu ya yi tsanani a kira ƴan sanda a 17. Babu wani biro da ke zaune yana kallon gidanka, sai ga wanda ya yi kontira da kamfanin tsaro yana biya duk wata. To in babu mai ɗaukar nauyin gidan sai kai, bisa wane dalili wani zai riƙe ma makullin cikin na'urar?

Ba na son in ci zarafin masu aikin, don suna da hujja. Mai gida ya samu kod, dare ya yi ya zauna yana latse-latse, ya maida ƙofar shiga ta zama mai tashi nan take, da safe ya buɗe jiniya ta tada unguwa, sai ya kira ya ce aikinka bai yi kyau ba zo ka gyara kyauta tunda garanti bai ƙare ba. Wannan na faruwa, kuma duk teknisiyan da ya sha irin wannan sau biyu zai fara ɓoye kod. Akwai kuma wata hujja da ba kowa ya sani ba: da yawansu kod guda suke sa ma duk gidajen da sunka yi ma aiki don kar su manta, to in ya ba ka, ya ba ka na gidan Alhaji wane da na butik ɗin wane. Shi ya sa yake kame-kame. Maganin wannan mai sauƙi ne, ya canja na gidanka ya sa wani daban wanda ku biyu kunka sani, minti biyar bai kai ba. Hujjar da ba na karɓa ita ce ta riƙe ka don dole, yadda ko batir za a canja sai ka neme shi ka biya kuɗin zuwa.

Kuma batun batir ɗin nan shi ne ya fi damuna, don shi ne abin da ke kashe alarm a garin nan, ba ɓarawo ba. Cikin akwatin na'ura mai waya akwai batir na gubar dalma, galibi 12V 7Ah, irin wanda ake sa ma ƙaramin ondilar na kwamfuta. A ƙasa mai sanyi yana yin shekara 3 zuwa 5. Irin wanga batir ana auna rayuwarshi ne a kan zafi digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta kusan rabi. To ka duba Afrilu da Mayu a Yamai ko Tawa, zafi ya wuce 40, akwatin kuma an maƙala shi cikin magaza ko saman silin inda iska ba ta shiga, ga ɗauke wuta, batir ya sauka ya hau ya sauka ya hau. Waɗanda sunka ga yadda anka yi daga Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo muna sun san abin da nake nufi, batura da yawa a lokacin sunka mutu. Ranar da naka ya mutu, kilabiye, wato ɗan allon nan mai lambobi na bakin ƙofa, zai fara ƙara yana nuna matsala, in wuta ta ɗauke na'ura ta mutu ɗungum. Ka ce bari in buɗe in canja, sai ka tarar akwatin na da ɗan maɓalli a bayan murfi wanda anka sa don in ɓarawo ya buɗe jiniya ta tashi. A na'urori da yawa sai an shiga da kod ɗin teknisiyan kafin a buɗe lafiya, wasu ma in abin ya tashi ba su yarda a sake kunna su sai teknisiyan ya share laifin. Ka kira lambar yaron a kashe, an ce ya tafi Agadas ko ya ƙetare, ko ya bar sana'ar. Na ga gidaje da alarm na jikka ɗaruruwa a bango an cire mishi fis an bar shi yana shan ƙura saboda lamba huɗu da ba wanda ya sani.

To ga yadda za ka yi. Maganar kod ana yin ta tun ranar ciniki, kafin a huda bango. Ka ce mishi Malam, kayan nan saye nake ko haya? In saye ne, a rubuta cikin faktir cewa ranar miƙa aiki za a ba ni kod ɗin teknisiyan da babban kod da littafin na'ura, kuma ka riƙe sauran kuɗɗin aiki sai an cika wannan. Littafin ma biyu ne, akwai na mai amfani ɗan siriri, akwai na mai haɗawa mai kauri, na biyun kake so, ko a tura ma shi ta WhatsApp. In ya ce a'a sam, ka tambayi dalili cikin mutunci, in dalilin garanti ne sai ku yi tsaka-tsaki: ya rubuta kod ɗin a takarda, a sa cikin ambulan a liƙe, ku biyu ku sa hannu a kan bakin, ambulan na wurinka. Muddin bai buɗe ba garanti na nan, in ka buɗe ka taɓa abin da ya lalace kai za ka biya. Wannan adalci ne ga kowa, kuma teknisiyan na kirki ba ya ƙin shi. Amma kafin a liƙe ya danna kod ɗin gabanka ka ga ya shiga, don takarda na iya ɗaukar kowace lamba.

Ka tambaye shi kuma ko ya sa kullen mai haɗawa. Wasu na'urori kamar DSC da Paradox suna da wani tsari da in an kunna shi, ko an maida na'ura yadda ta fito daga masana'anta kod ɗin teknisiyan bai gogewa. An yi shi ne don kare kamfanin da ya ba da kaya haya. A kayan da ka saya bai kamata a kunna ma shi ba, in ko an kunna kuma kod ya ɓace, sau da yawa sai dai a sayi sabon allon ciki.

Ranar miƙa aiki kar ka tsaya bakin ƙofa kana sauri. Ka ɗauko takarda ku bi gidan tare, ya faɗa ma lamba 1 ƙofar falo ce, lamba 2 idon da ke koridor, wato ɗan abin nan mai gane motsin mutum, lamba 3 tagar kicin, kana rubutawa, kuma kowane a gwada shi, ka buɗe ƙofar ka ga lambar ta fito, ka wuce gaban idon ka ga ya kama ka. Ka bar jiniya ta yi kuka sau guda da rana bayan ka gaya ma maƙwabta, ka ga ko wayarka ta yi ƙara da gaske. Ka ce ya nuna ma jerin lambobin da na'ura ke kira, ka karanta su da idonka. In akwai lambarshi a ciki ku yi magana, wasu na so a bar ta don ya san in matsala ta taso, ba laifi, amma da saninka.

Sai babban abu, kod ɗin masana'anta. Kowace na'ura na zuwa da lambar da anka sa mata tun can, kuma rubuce take cikin littafin da kowa ke iya samu a intanet. DSC na zuwa da 5555 na teknisiyan da 1234 na mai gida, Honeywell Vista 4112 na teknisiyan, Texecom 1234 na teknisiyan da 5678 na mai gida, ƙananan na Sin ɗin nan masu sim da ake saidawa cikin kwali su ma 1234 ne ko sifili huɗu da makamantansu. Mai gidan da bai taɓa tambaya ba bai san cewa watakila kod ɗin da ake ɓoye mishi wanda duniya ta sani ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za ka sa baki. A canja su duka gabanka, kuma kar ka sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka ko lambar mota, duk wanda ke shiga gidan ya san waɗannan. Kowa a ba shi nashi kod daban, mai gadi nashi, mai aiki nata, saboda na'ura na ajiye tarihin wanda ya kashe da ƙarfe nawa, kuma ranar da mutum ya bar aiki ka goge nashi kaɗai ba sai ka tara gida ana haddar sabuwar lamba ba. Mai gadi bai da abin yi da kod ɗin teknisiyan ko babban kod, komi amincinshi.

In taka irin ta zamani ce mai aiki da wayar salula, kamar Ajax ko AX PRO na Hikvision, to maganar ta tashi daga lamba huɗu ta koma kan wane ne mai asusun. Abin da ke faruwa, teknisiyan ya yi rajistar na'urar da imel ɗinshi da lambarshi don sauri, sannan ya gayyato ka a matsayin baƙo cikin gidanka. Kar ka yarda. Kai za ka buɗe asusu da lambarka da imel ɗinka, kai ne shugaba, shi kuma ka ba shi iznin shiga ya yi aiki, in ya gama ka janye ko ka rage. Waɗannan kamfanoni sun yi aplikasiyo daban na masu haɗawa don haka ɗin, ba wani abu ne mai wuya ba. Kuma ka riƙe sirrin imel ɗin da kyau, na'urar da ke ɗaure da asusun wani cire ta wahala ce babba.

Yanzu kod na hannunka, me za ka taɓa? Kamar mota ne, kana da ikon buɗe kapo ka duba ruwa da mai ka canja batir, amma ba ka kwance inji don kana da makulli. Canja batir na akwati, eh: ka shiga da kod, ka buɗe, ja ga ja baƙi ga baƙi, ka rubuta kwanan wata jikin sabon da maka, kuma ka kiyaye gefen da wutar 220 ke shigowa, in ba ka saba ba ka kashe ta daga kontar tukuna. Canja ƙananan batura na idanu marasa waya, eh, da yawa CR123A ne, ka duba abin da ke ciki ka sayi irinshi. Canja lambar da ake kira in ka sake layi, eh. Ƙara sakan na shiga in tsohuwa na gidan ba ta iya sauri, eh, amma kar ka maida shi minti uku, ka ba ɓarawo lokacin neman akwatin ya fasa. Karanta tarihin na'ura ka ga wace lamba ce ke tada jiniya da tsakar dare, wannan ma ina so kowa ya iya, don galibi za ka tarar ido guda ne, ka je ka duba ka ga tsaka ta maida bayanshi gida, ko yanar gizo, ko ƙurar hunturu ta rufe fuskar, ko labule ne fanka ke kaɗawa rana na bugunshi. Ka goge da tsumma busasshe ka gyara labulen kafin ka ce na'ura ta lalace.

Abin da ba ka taɓawa: nau'in kowace waya, lissafin ƴan resistans da ke ƙarshen layi, tsarin sadarwa da kamfanin tsaro in kana da shi, da maɓallin maida komi sabo. Kuma kar ka rage ma ido ƙarfi don ya dame ka. Idon nan zafin jiki yake gani yana motsi a kan zafin ɗaki, lokacin bazara da bango ke kusan kai zafin jikin mutum, digiri 37, dama ganinshi na raguwa, in ka ƙara rage shi cikin sanyin Janairu to a Mayu mutum zai wuce gabanshi bai ce komi ba. Duk abin da za ka canja, ka ɗauki hoton yadda yake kafin ka taɓa, ka canja abu guda, ka fita daga tsarin, ka gwada, sannan na gaba. Kuma da rana, ranar da teknisiyan ke iya ɗaukar waya, ba daren da za ka kama hanyar Tawa da asuba ba. Ka tabbata ka fita daga tsarin teknisiyan in ka gama, na'urar da anka bari a ciki ba ta gadin komi.

Sim ɗin da ke ciki kuwa, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani, a yi rajistarshi da sunanka, ka rubuta lambar jikin littafin, ka riƙa sa mishi kredi kana gwada kira duk wata, layin da anka manta da shi kamfani na rufe shi kuma na'ura ba za ta zo ta gaya ma ba.

Wanda kuma aikin gama ya gama, an haɗa tun shekarun baya kuma mai haɗawar ya ɓace, kar ya zauna yana gwada lambobi barkatai, kilabiye na kulle kanshi in an yi kuskure da yawa. Ka buɗe ido ka karanta suna da lambar na'urar, ka nemo littafinta, ka gwada kod ɗin masana'anta sau guda. In bai shiga ba ka nemi wani teknisiyan wanda ya san irin wannan na'ura, ka nuna mishi faktir ko shaidar gidan naka ne, ya maida ta sabuwa ya sake tsara ta daga farko, za ka biya kuɗin aiki kamar sabon haɗi don komi zai goge, kuma a wannan karon kana tsaye da takarda da biro. Haka in ka sayi gida ko ka kama haya ka tarar da alarm a ciki, ba ka san mutum nawa ke da lambar ba, tsohon mai gida da ƴaƴanshi da masu gadin da sunka wuce, a share duka ranar da ka shiga. Ɗan haya ya nemi babban kod, na teknisiyan kuma ya zauna wurin mai gidan tunda kayanshi ne, amma ku yi magana tun farko wa zai canja batir.

Inda kawai nake cewa ka haƙura shi ne in kayan na kamfanin tsaro ne, kana biya duk wata, su ke kallo su ke turo mota in jiniya ta tashi, ko inshorar shagonka ta sa sharaɗin haka. Nan suna da haƙƙin riƙe kod tunda su za a kama in abu ya ɓaci. Ko a nan ɗin ka sa a rubuta cikin kontira awa nawa za su yi kafin su zo gyara, da abin da zai faru ranar da kunka rabu: in kayan zai zama naka, su cire kullensu su ba ka kod ko su maida shi na masana'anta kafin ka biya watan ƙarshe.